Binciken masana kan galahanga: yana isowa Rigasa kuwa?

MamanHaidar
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, amma ku yi mini uzuri, sai na ɗan yi shimfiɗa.

Ɗana Haidar shekararsa shida, tun yana ɗan huɗu aka tabbatar mana yana da galahanga, wato otizim, lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane. Wata takwas ke nan muna kai shi wajen wata mai horar da yara kan ayyukan yau da kullum, waɗanda ake ce wa OT. Ran Talata ina zaune ina kallo tana lila shi a lilo, sai na kasa haƙuri na ce, Anti, wai wannan wasa ne ko magani? Ta yi dariya ta ce duka biyun, kuma wai wata Ba'amurkiya mai suna Jean Ayres ce ta faro wannan salon horon tun kafin a haife ni. Da na dawo gida na sa ƙanin mijina da ke digiri na biyu a Zariya ya binciko mini ita. Ya zo yana ta zumuɗi yana nuna mini a waya, wai dubban masana sun ambaci rubuce-rubucenta, wai shi ake kira tasirin bincike.

Ni dai na kalli lambobin, na kalli Haidar, wanda har yau in aka kunna injin markaɗe a maƙwabta sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin gado. To wannan tasirin da ake ƙirgawa, wa yake amfana? Masu binciken ne ke yabon junansu, ko kuwa da gaske yana isowa irinmu da ke Rigasa a Kaduna?

KawuSani_Kawo
Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lafiya, ya ƙara miki haƙuri. Amsa a taƙaice: ba ya isowa. Su ne kiɗa su ne rawa. A rubuta takarda, a samu ƙarin girma a wurin aiki, a tafi taro ƙasar waje. Ke kuma ki ci gaba da biyan kuɗin Keke.

UmmuKhairat
Wallahi kamar kin shiga zuciyata. Ina bibiya.

MalaminJami'a
Kawu ka taɓo mu, kuma ba zan ce ƙarya ka yi gaba ɗaya ba. Bari in fayyace wa Maman Haidar lambar da ƙanin mijinta ya nuna mata.

Duk lokacin da wani masani ya rubuta takarda ya kafa hujja da taka, an ƙirga maka ɗaya. Shafuka irin su Google Scholar ne ke tara lissafin. A 2005 wani masanin fizik a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da ma'aunin da ake kira h. In aka ce h ɗinka 20 ne, ma'ana kana da takardu 20 da kowacce aka ambace ta aƙalla sau 20. Iyakarta ke nan. Ma'aunin bai san ko yabonka aka yi ko ƙaryata ka aka yi ba. Bai san ko adashi kuka yi da abokanka ba, ka ambace ni in ambace ka. Balle ya san akwai wani yaro a ƙarƙashin gado a Rigasa.

Su ma can abin ya dame su. A Birtaniya tun 2014, in za a tantance jami'o'i don rabon kuɗin bincike, sai kowacce ta kawo bayanin abin da bincikenta ya canza a wajen harabarta, a asibiti ne ko a makaranta ko a doka. Kin ga tambayarki ba ta jahilci ba ce, masu riƙe da lalitar gwamnati ma ita suke yi.

Anti_OT
Salam. Ba ni ce Antin Haidar ba, kada a ɗora mini, amma sana'armu ɗaya. Mutane na yawan haɗa mu da masu gashin ƙashi, da yake hukuma ɗaya ke mana rajista. Mai gashi burinsa ƙafa ta motsa. Mu namu burin mutum ya iya sa takalminsa da kansa ya tafi masallaci.

Jean Ayres an haife ta 1920, ta rasu 1988, ta koyar a Jami'ar Kudancin Kalifoniya. Abin da ta dage a kai shi ne, bayan gani da ji da shinshinawa da ɗanɗano da taɓawa, akwai wasu hanyoyi biyu da jiki ke samun labari waɗanda ba mu cika lura da su ba. Ɗaya tana can cikin kunne, ita ke gaya wa jiki a tsaye yake ko ya karkata. Ɗayar tana cikin gaɓoɓi da tsoka, ita ke gaya miki inda hannunki yake ko da kin rufe ido. Ta ce ƙwaƙwalwa ce ke tace saƙonnin nan duka, kamar tankaɗen gari, kuma wasu yara rariyarsu ba ta tacewa daidai. Wani komai ya yi masa yawa. Wani kuma bai ishe shi ba, shi ya sa za ki gan shi yana ta juyi ko yana buga jikinsa da katifa. Littafinta a kan wannan ya fito a 1972.

Yanzu Maman Haidar ki koma ki karanta abin da kika rubuta da hannunki. Kin ce in an kunna injin markaɗe yana toshe kunne. Ba ki ce taurin kai gare shi ba, ba ki ce iskanci ne ba. Wa ya koya miki kallon abin ta haka? A 2013 da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sabunta kundin da suke duba alamomin cututtuka da shi, sun shigar da yawan jin abubuwa irin su ƙara da taɓawa, ko ƙarancin jinsu, cikin alamomin galahanga. Ba Ayres kaɗai ta jawo ba, amma 'yan sana'armu sun yi shekaru suna tara hujja. Grace Baranek a 1999 ta bi bidiyon da iyaye suka ɗauka a gida na jarirai 'yan wata 9 zuwa 12, ta nuna ana iya hango wasu alamun tun lokacin. Ilimin ya iso wurinki, sunan masu shi ne ya faɗi a hanya.

BabanYanBiyu
Anti, maganar nan ta sa na ajiye waya na ɗan yi shiru.

Shekara uku muna yaƙi da Hassan ɗina kan abinci. Husaini zai zauna ya share kwano, shi kuwa da ya ga miyar kuɓewa ta yi zare daga ludayi sai ya fara yunƙurin amai. Gurasa, ƙuli-ƙuli, ƙanzon shinkafa, busasshen abu kawai. Na ɗauka raini ne. Na dake shi, Allah ya yafe mini, ba sau ɗaya ba. Aka ce a bar shi da yunwa zai ci, ya wuni ya kwana bai ci ba. Ranar da aka yi mana bayani cewa yauƙin ne jikinsa ba ya ɗauka, fita na yi na zauna a mota, na daɗe ban tayar ba.

Aka ce mu fara ajiye miyar a ɗan ƙaramin kwano can nesa da shi, kada kowa ya ce ya ci. Bayan sati biyu muka matso da ita. Wata rana ya taɓa da ɗan yatsa ya goge a riga, uwarsa ta kalle ni na kalle ta, ba wanda ya yi magana. Sai da aka yi wata biyar ya dangwala ƙanzo a miyar taushe. Kuɓewa kam har gobe ba ya ci, ni ma na bar ta.

Ban taɓa jin sunan wata Ayres ba sai yau. Amma in tana cikin silar da na daina dukan ɗana, to Kawu, ya iso.

KawuSani_Kawo
To ai wannan haƙuri ne da dabara, kakanninmu ma sun sani. Sai an je Kalifoniya?

BabanYanBiyu
Kawu, kakarsa ce fa ta ce a bar shi da yunwa.

Dakta_Yara
Ina neman afuwar @Anti_OT, amma kada mu haɗa zance biyu. Cewa yaran nan suna jin ƙara da taɓawa daban da sauran mutane, wannan ya tabbata. Cewa lilo da burushi da manyan ƙwallaye suna gyara yadda ƙwaƙwalwa ke tacewa, wannan kuma da sauran magana.

A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da matsaya cewa hujjar da ake da ita kan wannan salon ba ta da yawa kuma ba ta raba gardama ba. Ta ce a gaya wa iyaye hakan, a sa wa'adi a gwada, a duba ko an ga canji. A 2014 Roseann Schaaf, ita ma OT ce a Filadelfiya, ta yi gwaji na tsanaki, aka raba yara gida biyu ta hanyar ƙuri'a, waɗanda aka yi wa horon suka fi cimma burin da aka sa musu tare da iyayensu. Madalla. Sai dai yara 32 ne duka-duka. Ajin firamare guda a Rigasa ya fi su yawa.

Sannan ga bargon nan mai nauyi da ake tallatawa a Instagram. An gwada shi a Ingila, sakamakon ya fito a 2014, bai ƙara wa yaran tsawon barci ba, ko da yake su da iyayensu sun ce suna sonsa. Uwa ta zo mini ta sai da zobenta ta saya, a zafin watan Maris na Kaduna. Wannan ma ai tasirin bincike ne, wanda ya iso a karkace.

Anti_OT
Dakta ba afuwa, gaskiya ka faɗa, kuma daga cikin gidanmu aka fi tsananta mana. Iona Novak ta Ostareliya OT ce. A 2019 ita da abokiyar aikinta suka tattara binciken da aka yi kan hanyoyin da muke horar da yara, suka raba musu kala irin ta danjar kan titi: kore a ci gaba, rawaya a yi hattara a riƙa aunawa, ja a tsaya. Waɗanda suka samu kore yawancinsu abu ɗaya ya haɗa su. A zaɓi aikin da ake so yaro ya iya, a yi ta maimaita ainihin aikin a inda zai yi shi, kuma a koya wa iyaye su ci gaba a gida. In cin abinci ake so, a zauna gaban kwano.

Ni lilo nakan yi amfani da shi don yaro ya natsu kafin mu shiga aiki, kuma ba na sa kowa ya sayi kayan waje. Zani a reshen mangwaro lilo ne. Ɗaukar ƙaramar jarka daga famfo zuwa randa, ko ɗan daka a turmi, duk aikin nauyi ne da wasu yaran ke samun natsuwa da shi.

Maman Haidar, akwai wani ma'auni da 'yan Kanada suka fito da shi a 1991. Ana tambayar uwa ta lissafo abubuwan da suka fi damunta, kada su wuce biyar, ta ba kowanne maki daga 1 zuwa 10. Bayan wata uku a sake tambaya. Antinki ta taɓa tambayarki abin da kike so takamaimai?

MamanHaidar
Ta tambaya a ranar farko. Na ce ina so ya warke. Ta yi shiru ta rubuta wani abu. Yanzu na gane ni ce ban ba ta amsa ba.

In takamaimai ne, to aski. Wallahi aski. Duk sallah sai mutum huɗu sun danne shi, babansa ya riƙe kai, ƙannen baban biyu ƙafa, ɗaya hannu, yana ihu har muryarsa ta dishe, mutane sun taru a ƙofar shago suna ba mu shawara. Sallar da ta wuce an yanke shi a bayan kunne. Kwana uku bai bari babansa ya taɓa shi ba. Yanzu sumarsa ta taru, makaranta sun aiko takarda sau biyu.

Sarkin_Aska_TW
Hajiya an zo fagena. Ni wanzamin zamani ne a Tudun Wada, ban yi boko mai nisa ba amma ina da irin yaran nan guda uku da nake wa aski.

Wata mata ce ta koya mini, ita ma koya mata aka yi. Ta zo ta ce Malam don Allah kashe janareta. Na ce to da me zan yi askin? Ta ce yau ba aski muka zo ba. Yaron ya shigo ya zagaya shago, ya taɓa madubi, suka tafi, ta biya ni kuɗin aski cif. Na ce wannan mata lafiya kuwa. Zuwa na biyu na ba shi kilifa a kashe ya riƙe. Na uku na kunna mai caji na ɗora a hannun babansa yana kallo, sannan a bayan hannunsa shi ma, ya janye, na kashe. Sai a zuwa na biyar na taɓa kansa, da almakashi ma.

Abin da na lura, ba ƙarar ce kaɗai ba. Ƙyallen da muke ɗaurawa a wuya suna ƙinsa, gashin da ke zuba a wuya yana musu kamar ƙaiƙayi, ga sifirit ɗin ƙarshe. To ba na ɗaura ƙyalle, ba na sa sifirit, ina ƙirga masa ɗaya zuwa goma in tsaya ya huta. Kuma da sassafe nake sa su zo kafin samari su cika shago da waƙa da musun ƙwallo. Askin ba ya fita tsaf kamar na ango, amma ba a danne kowa.

MalaminJami'a
Jama'a ku ga abin da nake faɗa. Sarkin Aska h ɗinsa sifili ne, kuma har abada ba wata mujalla da za ta san ya yi wannan. Amma ku bi sawun abin da ya kwatanta, za ku tarar da shi a takardu.

Sarkin_Aska_TW
Malam ni dai a bar ni da sifilina, in dai ana biyan kuɗin aski.

Hajjaju_UnguwarRimi
'Ya'yana ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ita kalmar galahangar nan ni ba ta kwanta mini ba. A gidan rediyo na ji ta, amma a unguwa kowane yaro da bai yi daidai ba galahanga ne, da mai shanyewar jiki, da mai babban kai, duk kwando ɗaya. Jikana da aka ce yana da ita, shekara biyu muna yawon masu ruƙiyya, an ce shafar aljanu ce, an ce ɗan ruwa ne. Da aka ce mu je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa babansa ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne. Shekara guda ta tafi a wannan gardamar kaɗai.

Nas_Hauwa
Hajiya gaskiyarki. Shi ya sa wasunmu ke cewa otizim kawai, don a bambance. Addu'a kam ba mai hana ta, ni ma ina yi wa nawa tofi kullum. Abin da muke roƙo a bari shi ne duka da hayaƙin barkono da ɗaure yaro. Yaron da ƙarar injin markaɗe ke firgita shi, ki ƙiyasta abin da ihu a kunnensa zai yi masa.

Gaskiya_Ɗaci
Kuna ta kewaye-kewaye. Da can ina ake jin wannan cuta? Tun da aka matsa wa mutane da allurar rigakafi ta yi yawa. Su kansu Turawan wani likitansu ya tona asiri aka kore shi.

Nas_Hauwa
Malam, likitan da kake nufi Andrew Wakefield ne. Takardarsa ta fito a mujallar Lancet a 1998, kan yara 12 kacal. An binciko cewa an murɗe bayanan yaran, kuma yana karɓar kuɗi ta hannun lauyan da ke shirin kai masu yin allurar ƙara. A 2010 mujallar ta janye takardar, hukumar likitocin Birtaniya ta soke lasisinsa. A 2019 an fitar da binciken yara sama da 650,000 a Denmak, ba a ga alaƙa tsakanin allurar ƙyanda da otizim ba. Kuma tun 1943 Leo Kanner ya bayyana lalurar a yara 11, shekaru 20 kafin a samu allurar ƙyanda. Da can ana da su, dolo da gaula ake ce musu. Ƙyanda kuwa na ga yaran da ta makantar da idona.

MalaminJami'a
Kuma takardar Wakefield ɗin nan an ambace ta ba adadi. Ga misalin abin da na ce, ma'auni bai san yabo da tsinuwa ba.

Admin
An amsa batun rigakafi, a bar shi nan don Allah. Mu koma kan tambayar Maman Haidar.

Ɗaliba_Shika
Ni gefen da ke damuna daban ne. Ko da ya iso, da kayan wasu yake isowa. Muna amfani da takardar tambayoyi da Winnie Dunn ta Jami'ar Kansas ta fitar a 1999 don gane yadda yaro ke ji. Takarda ce mai kyau, amma a misalanta akwai injin zuƙe ƙura da na'urar busar da gashi. Na karanta wa wata uwa daga Giwa, ta ce mene ne wannan? Sai da na mayar da shi injin niƙa, janareta, lasifikar masu biki, tukuna ta ce af, ai kuwa haka yake yi. A wasu takardun ana tambayar ɗaure igiyar takalmi da cin abinci da cokali mai yatsu, yaron da silifa yake sawa, da hannu yake ci. Ga batun kallon ido: yaron da aka rena da kunya, an hana shi ƙura wa babba ido, ka zaunar da shi gaban baƙon likita ka ce bai haɗa ido ba.

A 2017 wasu masana, ciki har da Petrus de Vries na Jami'ar Kef Tawun, sun tattara duk abin da aka buga kan otizim a Afirka kudu da Sahara. Takardu 53 suka samu, mafi yawa daga Afirka ta Kudu da Nijeriya. Yanki guda fa, takardu 53. A Nijeriya Dakta Muideen Bakare na Inugu ya yi ƙoƙari, a 2008 ya fito da tambayoyin auna sanin ma'aikatan lafiya kan lalurar, har wasu ƙasashe suka ara. To amma wa zai zauna ya rubuta abin da Sarkin Aska ya gano game da ƙyallen wuya?

Dakta_Yara
Batun ido ki yi hattara 'yar uwa. Kunya tana aiki a yaro ɗan shekara bakwai gaban baƙo. Ɗan wata 18 da ba ya kallon uwarsa, ba ya juyowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, wannan ba kunya ba ce. Kada iyaye su karanta su samu mafaka.

UmmuKhairat
Dakta tawa shekara biyu da rabi, ba ta magana kuma ba ta juyowa. Dangi sun ce babanta ma ya yi jinkirin baki.

Dakta_Yara
Kada ki jira. A fara gwada jinta, muna da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a nan Kaduna. In kunne lafiya lau ne sai a ga likitan yara.

Mai_Keken_Hannu
Ni shan inna ce ta same ni tun ina ƙarami, ba galahanga ba, amma nakasa ce ta haɗa mu. Masu bincike sun zo wajenmu ya fi a ƙirga. Su zo da takarda, su yi tambaya, su ɗauki hoto, a raba lemo da biskit, ba ka ƙara jin ɗuriyarsu. Ko sakamakon ba a dawo a karanta mana da Hausa. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya Shugaba Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya wuce. Makon jiya ɗaukata aka yi kamar buhu a matakalar wani ofis. In doka ma ba ta iso ba, ina ga takardar farfesa? Ina bayan Kawu.

Shiru_Shiru
Na daɗe a zauren nan ban taɓa rubutu ba. Shekarata 27, gyaran waya nake yi a kasuwar Sheikh Gumi. Ina da shekara 22 aka gaya mini ina da otizim.

Kuna ta magana a kanmu. Ina so in ce abu biyu. Na ɗaya, ƙarar tana da zafi. Ba tsoro ba ne, zafi ne, kamar a soka tsinke. Ina aiki da abin toshe kunne, maƙwabtana sun saba. Na biyu, ina kaɗa jiki gaba da baya in na gaji. An dake ni a kan haka a gida da makarantar allo da boko. Bai cutar da kowa ba, kuma shi ke sa in iya ci gaba da aiki. In binciken zai taimaka wa Haidar a yi masa aski ba a danne shi ba, ina so. In kuma don ya daina kaɗa jiki ne saboda kada baƙi su gani, ban so. Masu bincike su riƙa tambayar manya irina. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Maman Haidar, ƙarƙashin gadon nan kada ki hana shi. Ni bayan buhunan masara ne nawa.

MamanHaidar
Ƙanena, na karanta sau uku. Na gode. Jiya ma na jawo shi daga ciki.

Ɗan_Zango
Shiru_Shiru ka tuna mini da Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Kolorado, ita ma tana da otizim. Ita ta riƙa shiga layin da shanu ke bi tana duba abin da ke firgita su, inuwa, ƙarfe mai ƙyalli, tsumma na kaɗawa, har ta tsara hanyoyin da manyan mayankan Amurka ke amfani da su. Mu masu harkar shanu mun san sa na tirjewa a kan inuwa, amma sai da mai irin wannan ido ta zo aka gyara ginin.

KawuSani_Kawo
Na ji duka. Na yarda wani abu yana ɗigowa. Amma daga 1972 zuwa shagon Sarkin Aska shekara nawa ke nan? Kuma ta hannun mace ɗaya da Allah ya sa tana da kuɗin biyan aski ba a yi aski ba. Wadda ke Birnin Gwari fa?

Anti_OT
Kawu a nan ba ni da ta cewa. Ba mu da yawa, makarantun da suka daɗe suna horar da mu suna kudu, Ile-Ife da Oshodi, kuma da yawa in sun gama waje suke ficewa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani shiri na koya wa iyaye dabarun nan a rukuni ta hannun ma'aikatan da ba ƙwararru ba, an gwada shi a Habasha. Irinsa ne zai kai Birnin Gwari, in an samu mai mayar da shi Hausa da mai biyan kuɗin mota. @Ɗaliba_Shika kina neman abin da za ki rubuta a kai, ga shi nan.

Ɗaliba_Shika
Anti sai in mai duba aikina ya yarda. Shi takardar da za ta shiga babbar mujalla yake so.

MamanHaidar
Salam, na dawo da rahoto. Yau Talata na ce wa Antinsa ga abin da nake so: aski, shiga bayi da kansa, da zama a tabarma har a gama cin abinci. Ta ce in ba kowanne maki. Aski na ba shi 1, don babu sifili. Ta ce lilo yana nan amma za mu rage, ta kuma ce in zo da kilifar babansa mako mai zuwa. Ƙanin mijina da na nuna masa zancen nan cewa ya yi Kawu bai fahimci harkar ilimi ba. Ni har yanzu ban san wanda ya fi gaskiya tsakaninsu ba.

@Sarkin_Aska_TW daga Rigasa zuwa Tudun Wada ba nisa. Yaushe za mu zo?

Sarkin_Aska_TW
Laraba ƙarfe bakwai na safe, Hajiya, kafin a kawo wuta masu waƙa su farka. Babansa ya zo da shi, kuma a gaya masa tun daren Talata inda za shi. In akwai kujerar da ya saba zama a kai a gida, a ɗoro ta a Keke. Ranar farko ba na karɓar kuɗi.